Matar da Ke Wanke Banɗakin Hawa na Uku

Kowa a ma'aikatarmu Inna yake ce mata, har shugaba. Shekararta ashirin da biyu tana shara da wankin banɗaki a ginin, da tsintsiyar nan ta raini 'ya'ya huɗu. Gajeriya ce mai kauri, takalmin robarta na ƙara tun daga matakala, ga baki. In ka taka inda ta goge bai bushe ba, ko kai waye sai ta wanke ka tas. Ni dai ba ma shiri, don ina da girman kai, ban ɓoye ba. Shugaban sashe ne ni, shekarata hamsin da ɗaya, a ganina mai shara gaisuwa ce kawai tsakaninmu.

Wata huɗu ina ganin jini in na zagaya. Na ce basir ne, kamar yadda kowa ke cewa. Na sayi jiƙo a gora ina kurɓa a ofis, ko matata ban gaya wa ba.

Ran wata Laraba da safe Inna ta shigo kwashe kwandon shara, ta tura ƙofa ta rufe, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Yallaɓai, magana zan yi, in ka ga dama ka sa a kore ni."

"Lafiya, Inna?"

"Ita nake tambaya. Maza biyar ke shiga banɗakin hawan nan. Ɗayanku yana zubar da jini, ruwa ba ya tafiya da shi duka. Satin da ka yi tafiya ban ga komai ba. Ka dawo, ya dawo. Ga kuma gorunan nan da nake kwashewa a kwandonka."

Kunya ta rufe ni, sai ta koma fushi. Na ce mata aikinta shara ne, ba leƙen asirin mutane ba. Ko gezau.

"Ai sharar ce ta nuna min. Basir ne ko ba basir ba, ba kai za ka faɗa ba, ba kuma mai gora ba. Likita ne. Ka je a duba hanjinka."

Na ce ta fitar min daga ofis. Washegari ta gaishe ni a gaban mutane, da fara'arta: "Yallaɓai, an je gaida mutumin nan kuwa?" Da gari ya sake wayewa ma haka. Abokan aiki suka fara tambayata wane ne ba lafiya. Kwana tara ta yi tana min wannan gaisuwa, na ga matar nan ba za ta gaji ba, na je asibiti don in huta da ita.

Likita ta saurare ni, ta ce ko da ban ga jini ba, shekaruna sun kai a duba, balle na gani. Aka ba ni maganin wanke ciki na sha ana gobe za a yi gwaji, na wuni ina safa da marwa tsakanin ɗaki da banɗaki, matata na dariya tana tausayi. Gwajin da nake tsoro kuwa, allura aka yi min na yi barci, aka zura siririn bututu mai kyamara, na farka an gama. An sami tsiro biyu a babban hanji. Ƙaramin an cire shi nan take. Babban ya fara zama ciwon daji, amma bai bazu ba, aka sa ranar aiki aka yanke wurin. Likita ta ce in turo ƙannena duka a duba su, in rage jan nama, in riƙa tafiya a ƙasa. Ta kuma ce da na ƙara shekara ɗaya ina shan gorata, da wata maganar muke yi.

Bayan sati shida na koma aiki. Na tarar da Inna a matakala tana gugar ƙasa. Na durƙusa na gaishe ta, abin da ban taɓa yi ba, na gaya mata duk abin da likita ta ce, har maganar shekara ɗayan.

Ta ajiye abin gugar, ta zauna a kan matakala. 

"Baban yara ma haka ya yi," ta ce. "Wata takwas ina wanke masa, ina gani, ina jin nauyin in yi magana. Mijina ne fa, amma na ji kunya. Da aka kai shi asibiti sai suka ce mun makara."

Ta share ido da bakin mayafi, ta dube ni sama da ƙasa.

"Kai dai ka tashi. Alhamdu lillahi. Ƙannen naka su nawa ne?"

"Uku, Inna."

"To me kake jira a nan? Je ka kira su."