Yadda Harshena Ya Kusa Tona Asirin Gidanmu

Edita, lokacin da matar nan ta mayar da kaset baya ta sake sauraren muryata, tana kallona ko ƙiftawa ba ta yi, a nan gabana ya faɗi. Ban san me na faɗa ba, amma na san na faɗi wani abu. Har yanzu da nake rubuto muku, jikina bai gama dawowa daidai ba.

Bara na gama sakandare a Enugu. Baba yana sayar da wake da albasa a kasuwar Ogbete, tun da Hausawa suka fara dawowa bayan yaƙin basasa. Burina in shiga jami'a in karanta Turanci da adabi, tunda yanzu arzikin mai ya sa 'ya'yan talakawa ma suna shiga. Ana cikin haka wata ɗalibar jami'a, 'yar Ibo, ta shigo unguwarmu da rikoda. Ilimin harsuna take karantawa, an aiko ta ɗaukar muryoyin 'ya'yan Hausawa haifaffun Kudu, don a ji yadda muke cakuɗa Hausa da Buroka, wato Turancin kasuwa, da Ibo. Innata ta yi dariya, ta ce oh, boko ya ƙare ke nan, an koma karatun surutun mutane. Ni kuwa na liƙe mata, ina kiranta Anti, ina ta tambaya. Da gaske ana ba mutum digiri don ya saurari yadda ake magana? Ta ce sosai ma, ai duk inda mutum ya taɓa zama yana nan kwance a bakinsa. Na ɗauka wasa take yi.

Ta ce in ba da labari ɗaya da Hausa, in maimaita da Buroka, sannan da Ibo. Son a yaba mini ya ɗebe ni, na saki baki na kwatanta yadda ake dafa kwakwar manja a daka a fitar da manja. Shi ne ta tsayar da rikodar ta tambaye ni inda na koyi Ibo. Na ce a kasuwa. Ta girgiza kai, ta ce Ibon kasuwa daban yake, wannan irin na kakarta ne, na ƙauyukan bayan tsauni, ko 'yan birni ba sa yin sa haka.

Abin da ba ta sani ba shi ne, lokacin da Hausawa suka gudu Arewa gab da yaƙin, Baba yana can Arewa sarin kaya, ni da Inna jirgin ƙasa ya tafi ya bar mu. Wata maƙwabciyarmu mai sayar da manja ta kai mu ƙauyensu, a can muka zauna har yaƙi ya ƙare. An sa mana sunayen Ibo. Ranar Lahadi mu bi su coci don kada a yi tambaya, Inna ta yi sallarta a ɗaki bayan ta kare ƙofa. Da Baba ya gano mu, ya ce duk wanda ya tambaya a ce muna wajen dangi a Lafiya, don ya san bakin mutane: za a ce mun bar addini, kuma babu gidan da zai nemi aurena.

Da ɗalibar za ta tafi ta ce cikin murna za ta kunna kaset ɗin a aji, har ma wani Malami daga unguwarmu, wanda ke taimaka musu da Hausa, zai ji. Mutumin nan kullum bayan la'asar yana zaune a rumfar Baba.

Ban gaya wa Inna ba. Duk gaisuwar da Malam ya amsa mini sai in leƙa fuskarsa in ga ko ya ji. Amma abin mamaki, tsoron bai kashe mini son sani ba. Sai in shige banɗaki in gwada Ibon kasuwa a hankali, ina sauraren kaina, kafin in kai ƙarshen magana ƙauyen nan ya dawo bakina. Na riƙa kasa kunne a Ogbete, na fara jin bambancin Hausar ɗan Sakkwato da ta ɗan Zariya da tamu ta nan. Ashe kowa yana yawo da tarihinsa a baki, masu karatun nan kuma an koya musu ji.

Da abin ya ishe ni na ce wa Inna zan je neman takardar shiga jami'a, na hau mota na nemo Anti a ɗakin kwanan ɗalibai. Na gaya mata komai, da Ibon ƙauyen, ina kuka. Ta bari na gama. Sannan ta ce ba wanda ya ji. Malamin da ya aiko ta ɗaukar muryoyin ne ya hana ta kunnawa, ya ce ba a saka muryar mutum a aji sai an gaya masa su wa za su saurara ya kuma yarda, ita ma tana shirin dawowa ta tambaye ni. Ta sa kaset ɗin, ta danna ɗauka, ta ajiye rikodar a taga. Muka zauna tana naɗar kukan kaji da hayaniyar ɗalibai a kan muryata har ya ƙare. Ta kira ni ƙanwarta, ta ce in kwantar da hankalina, kuma idan na je ƙauyen in gaishe mata da mai manja.

'Yan'uwana mata, ban ce ku guji masu wannan karatu ba, ni kaina yanzu shi nake nema, na fasa adabin. Amma kafin ku yi magana a gaban rikoda, ku tambayi inda muryarku za ta je da wanda zai ji ta. Na kuma gane wani abin da ya fi damuna: matar da ta ɓoye mu tsawon yaƙi, mu ne yanzu muke ɓoye ta. Da na dawo gida ana kiran magariba, na gaishe da Inna da Ibon ƙauyen. Ta kalli ƙofa tukuna, sannan ta amsa.