'Yar Kibiyar da Ta Kunyata Ni a Bogo

Tun daga Garwa na je Bogo don in nuna wa yayata hotunan sunan jikata ta fari. Aka sa kilen USB ɗin da na kwafo su a ciki a kwamfutar maƙwabci, aka buɗe, wayam! Mata sun taru, ni kuwa sai gumi.

Nan take na zargi mai gyaran kwamfutata. Dama murmushinsa bai kwanta min ba.

Da na dawo, 'yata Hadiza, uwar jaririyar, ta duba foldar hotunan a kwamfutata.

"Baba, ba ka ga 'yar kibiya jikin foldar ba? Nuni ne kawai, hotunan suna wani wuri. Nunin ka kwasa."

"To, wa ya kai su can ban sani ba?"

"Ni ce. Don kada ka goge su."

Ta saita min maɓalli biyu, in na danna su tare sai su kai ni ainihin wurin. Na danna, sai ga jikata tana hamma. Alhamdulillahi!

Mai gyara, ka yafe ni. A makarantar yamma inda na koyi kwamfuta ba a koya mana kibiya ba, kuma har yau ban yarda da ita ba. Ku fa, ta taɓa kunyata ku?