Atishawar Kawu Ilu

Duk wanda ya taɓa kai wa Kawu Ilu ɗinki a shagonsa na unguwar Congo-Russia a Jos ya san abin da zai karɓo. Ka ce tsukakken wando kake so, ya gyaɗa kai, ya auna ka tsaf, ranar karɓa ka tarar ƙafar wandon ta buɗe har kaza za ta iya kwanci a ciki. Wani malamin makaranta ya taɓa ɗaga nasa sama yana salati.

"Malam Ilu, wando na ce, ba buje ba!"

"Ɗana, zamani ne ya tsuke, ba ni ba," in ji Kawu. "Sa abinka, zai dawo ya same ka."

Ku da kuka san shi a kan keken ɗinki, kun san tela ne kawai da rana tsaka. A zuciyarsa shi ne mai jitar Taurarin Kuza, ƙungiyar kiɗan rok da ta girgiza Jos tun kafin a haife ni. Su huɗu ne: shi, da Gyang mawaƙi, da Mamman Dogo mai ganguna, da marigayi Sande mai babbar jita. Dattawa sun tabbatar min cewa yawancin masu jitar garin nan, na coci da na biki, a gindinsu suka koya ko a gindin wanda ya koya a wurinsu. Kawu dai bai yarda da koyo ba, sata yake kiransa. Da an kaɗa jita a rediyo sai ya tsayar da keke.

"Nawa ne wannan! Allah ya isa."

Lokacin da wayar hannu ta fara yawa, ta wani mai kawo ɗinki ta yi ƙara a aljihunsa. Kawu ya kasa kunne, ya girgiza kai.

"Har Turawa sun shigo cikin satar."

Faifai ɗaya tak suka taɓa bugawa, kuma Kawu na da shi, naɗe cikin zanen kakarmu. Ni yake kira Uwata, don sunan mahaifiyarsa na ci, amma ko ni ban isa in ji shi ba.

"Kawu, sau ɗaya kawai."

"Uwata, duk juyi ɗaya allura tana cin waƙar. So kike jikokinki su tarar da shiru?"

Haka muka tashi muna alfahari da kiɗan da ba mu taɓa ji ba.

Da na shiga jami'a na ƙudurta rubuta tarihinsu. A mafarkina zan zauna da dattawa su yi ta zubo min zantuka masu daɗi kamar ruwan Agusta. Na fara da Mamman Dogo, wanda yanzu Alhaji Mamman ne, da ƙaton gida a Rayfield. Na miƙa masa tsohon hotonsu, ga shi nan a bayan ganguna, suma kamar kwando, ƙirji a buɗe.

"Wannan ƙanina ne," ya ce, ya turo min hoton.

"Baba, an ce ba ka da ƙane."

"To maƙwabci ne."

Duk wannan musun, yatsunsa suna ta kiɗa a kan farantin shayi. Sai da na miƙe zan tafi ya rage murya.

"Ki gaya wa Ilu ya ji tsoron Allah. Atishawa ya yi."

A ranar na ji daga bakinsa abin da ya raba Kawu da Gyang. A ƙa'idarsu, idan Kawu ya shiga kiɗansa shi kaɗai, ba mai sa baki sai ya sunkuyar da kai da ƙarfi, alamar ya gama, sannan Gyang ya shigo da waƙa. A wani wasan la'asar, ana yayyafi da sanyi, Kawu bai ko kai rabi ba kansa ya yi ƙasa. Gyang ya ɗauki waƙa, jama'a suka ɗauka tare da shi, kiɗan da Kawu ya yi wata guda yana shiryawa ya nutse. Ya sauka daga dandamali, kuma tun daga ranar, kusan shekara talatin, bai ƙara yi wa amininsa magana ba.

Na koma shago na isar da saƙo.

"Mai jita ba ya atishawa," in ji Kawu. "Hassada ce. Ya ga 'yan mata ni suke kallo."

"Kawu, kowa ai yana atishawa."

"Boko ya ɓata ki, Uwata."

Bayan 'yan watanni labari ya zo cewa Baba Gyang yana kwance a gidansa na Kabong, jiki ya yi tsanani. Kun san yadda garin yake a shekarun nan na rikici, mutum kan yi tunani biyu kafin ya tsallaka wata unguwar. Na gaya wa Kawu, ya ce Allah ya sawwaƙe, ya ci gaba da taka keke. Kwana uku yana ɗinka hannun riga a baibai. A na huɗu ya saɓa jita ya ce in raka shi.

"Dubiya za mu?"

"Wace dubiya? Kiɗana zan je in ƙarasa. Kada ya mutu bai ji ƙarshensa ba."

Muka tarar da Baba Gyang ya rame, an jingina shi da matashi. Kawu bai yi gaisuwa ba. Ya ja kujera ya fara daga farko. Wallahi ban taɓa jin abu irin wannan ba, kamar ruwa yana gangarowa daga dutse yana neman hanya. Ya yi ta yi har matar gidan ta kawo ruwa ta mayar. Baba Gyang ya rufe ido, leɓɓansa suna motsi, amma bai shigo ba. Jira yake. Da Kawu ya kai ƙarshe ya sunkuyar da kai, tsohon ya buɗe baki, murya ta ƙi fita, sai iska.

Kawu ya ajiye jitar.

"Gyang," ya ce, "na yi atishawa."

"Na sani mana, Ilu. Ni ka fesa wa a wuya."

Suka yi dariya har tari ya sarƙe su duka biyun.

Ikon Allah, mai jinyar ya tashi, mai dubiyar ne ya riga shi tafiya, damina ɗaya bayan nan. Ranar sadakar uku Baba Gyang ya tsallako har ƙofar gidanmu yana dogara sanda, ya zauna a tabarma cikin mutane, aka shafa addu'a shi ma ya shafa. Da zai tafi ya riƙe hannuna ya ce, "'Yata, da mun yi ta faɗan nan muna gaisawa."

Allah ya jiƙan Kawu Ilu, ya yafe masa taurin kai, ya sanyaya makwancinsa. Baba Gyang kuma Allah ya ƙara masa lafiya da haƙurin rashi. Amin.