Idon Likitan Shanu

A ƙarshen shekarun casa'in ina aikin malamin gona a Gumel, kuma ina da shafi a intanet. Kalmar bulog ba ta iso mana ba tukuna, shafi kawai muke cewa. Duk garin ban san mutum na biyu da ya taɓa ganin intanet da idonsa ba. In na ce ina rubutu ana karantawa a ƙasashen waje, sai a dube ni kamar wanda rana ta taɓa wa kai. In na shigo ofis, wani ya ce a goge wa baƙon Turai kujera. Na yi fushi har na gaji, daga baya na daina ba kowa labari.

Kwamfuta ɗaya ce a ofishinmu, wani shirin noma ne ya tafi ya bar mana ita, kullum a lulluɓe da tsohon zane. In an tashi aiki kuma akwai wuta, sai in yaye zanen in buga abin da na gani a yawon aiki: musun manoman Gagarawa a kan irin riɗi, rijiyar Ɗanzomo da sai jaki ya yi tafiya mai nisa kafin guga ya fito, raƙuman da ake shigowa da su Maigatari daga Damagaram. In zuba a faifan disket, in naɗe shi a leda. Ƙarshen wata in hau mota zuwa Kano, in je wani shago mai layin tarho da kwamfuta uku, in ɗora rubutun.

Dandalin da nake ɗora rubutun na kyauta ne, kowa a yanka masa fili ya gina shafinsa. Mu 'yan Arewa muka haɗa namu zauren a ciki, ba mu kai ashirin ba, kowane shafi da ƙofar da za ta kai ka na gaba. Yawancinsu ɗalibai ne a ƙasashen sanyi, kewar gida na cin su, ni kaɗai nake rubutu daga gida. Kowane shafi yana da littafin baƙi, inda mai karatu ke barin saƙo. In na buɗe nawa sai in tarar da biyar ko shida, wani ya ce na sa shi jin ƙanshin fura, wani ya ce in rubuta a kan damina. Awa ɗaya nake yi da su a wata. Sauran kwanakin ina Gumel da kaɗaicina, kuma yana damuna ƙwarai.

Mutum ɗaya ne bai taɓa yi mini dariya ba, wani dattijo da ake kira likitan shanu. Kirista ne daga Filato, an turo shi aikin dabbobi tun ban shiga firamare ba, ya zauna. Matarsa ta rasu an binne ta a bayan gari, 'ya'yansa biyu sun girma sun tafi, mace a Legas, namiji a Jos. Ya yi ritaya, amma dillalan Maigatari ba su yarda da wannan ritayar ba. Duk Alhamis nakan ɗauke shi a babur mu je kasuwa, ya shafa saniya daga wuya zuwa gindi, ya buɗe bakinta, ya ce a saya ko a bari. Bai san mene ne intanet ba, bai kuma damu ya sani ba. In na dawo daga Kano sai ya ce, "Malam, yaya mutanen naka na cikin akwati?" Ni kuwa in zauna in ba shi labarinsu ɗaya bayan ɗaya.

Wata Alhamis muna dawowa da la'asar ya ce in tsaya a gindin wata tsamiya. Ya ciro kwalbar maganin tsutsa daga aljihu ya miƙo mini, ya ce in karanta masa abin da ke jiki. Na karanta, na ce ai rubutun manya ne.

Ya ce, "Malam, shekara biyu ke nan ba na gani sai inuwa. Idon hagun ya tafi gaba ɗaya. Na je asibiti a Kano, sun ce ba irin wanda ake gyarawa ba ne."

Na ce, "To, Baba, shanun fa?"

"Hannu ke aiki. Da ma ido bai taɓa sanin saniya ba."

Na tambaye shi ko yara sun sani. Ya girgiza kai. Ya ce ran da suka ji, ran nan za su zo su kwashe shi, su ajiye shi a ɗaki a Jos yana sauraron rediyo. Ya ce a nan ƙafarsa ta san hanyar coci, ta san hanyar mai kosai, ta san hanyar kabarin matarsa. A can kuwa ko bayi sai an riƙe masa hannu. Shi ya sa in sun zo Kirsimeti yakan zauna wuri ɗaya da jarida a cinya, ya ce gwiwa ke masa ciwo.

Bai ce kada in faɗa wa kowa ba. Na daɗe ina fakewa da wannan, amma ƙarya nake yi wa kaina, dattijo irinsa ba sai ya ce ba.

Kafin mu iso Gumel jimloli sun fara haɗuwa a kaina. Abin kunyar ke nan. Mutum na bayana a babur riƙe da rigata, ni kuma ina tunanin yadda zan buɗe labarinsa. Na rubuta shi cikin kwana biyu, kuma ban taɓa rubuta abu mai kyau kamarsa ba. Na cire suna, na ce shi ke nan na rufa asiri, sai ka ce likitocin shanu 'yan Filato masu shekara talatin a Gumel sun kai goma. A ganina intanet tana can bayan Kano, nesa da garinmu kamar wata ƙasa. Abin da na zuba a can ba shi da hanyar dawowa.

Wata na zagayowa na tarar da littafin baƙi ya cika. Wani ya ce ya yi kuka a ɗakin karatu. Mai kula da zaurenmu ya sa labarin a bakin ƙofa, duk wanda ya shigo da shi zai fara cin karo. Na dawo gida kaina ya kumbura. Da dattijon ya tambaye ni mutanen akwati, na ce lafiya lau, na canja magana.

Bayan kamar wata biyu, wata Asabar da hantsi, aka aiko ana kirana gidansa. Na tarar da mota a ƙofa. A tsakar gida 'yarsa ta Legas na zaune a kujera, ɗan'uwanta na tsaye, shi kuma yana kan bencinsa, hannuwa a kan gwiwa. A cinyarta akwai takardu uku da aka buga, daga nesa na gane sakin layina.

Ta tashi ta gaishe ni har da rusunawa. Ta ce ofishinsu ya sami intanet, kewar gida ta sa wata rana ta buga sunan Gumel ta ga me zai fito, sai ga shafina. Ta ce tun layi na uku ta gane babanta.

"Malam, Allah ya saka maka da alheri. Da ba ka rubuta ba, da sai ya faɗa rami za mu ji."

Godiya take yi da gaske, idonta cike da hawaye. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Na ce babu komai, don ban san abin da ake cewa ba. Dattijon bai juyo wajen muryata ba ko sau ɗaya.

Kwana huɗu suka yi suna haɗa kaya. Dillalai suka zo daga Maigatari suna roƙo a bar musu shi, ɗan ya ba su haƙuri cikin ladabi. Ni na yi ta zagaya layin a babur ina kasa tsayawa. A tsakanin nan na je Kano na goge labarin, ko da yake na san babu abin da gogewar za ta gyara. 'Yan zaure suka yi ta tambayar ina ya shiga, wani har ya ce ya ajiye kwafi in ina so.

Ranar tafiya na daure na je. An riga an sa shi a kujerar gaba, gilas a sauke. Na matsa na ce, "Baba, ni ne." Na shirya magana mai tsawo, ta ɓace. Na ce ya yafe mini.

Ya gyara zama. Sannan ya ce, ba da faɗa ba, "Na sa an karanta mini sau biyu. Ka iya rubutu, Malam. Babu ƙarya ko ɗaya a ciki."

Ɗan ya tayar da mota. Dattijon ya ɗan juyo, idonsa na kallon gefen kafaɗata.

"Wannan ma za ka kai wa mutanen naka?"

Na ce, "A'a, Baba."

Ya ce, "To, madalla." Ya lalubi marikin gilas ya murɗa shi sama da kansa.

Ban sake jin muryarsa ba. Alhamis ta gaba na je Maigatari ni kaɗai, dillalai suna tambayata wa ya gaya wa yaran. Na ce ban sani ba.