Ƙarfen da ya faɗo a gonar Kawu

An ɗan jima da yin abin, kuma ban rubuta komai a lokacin ba, don haka ba mamaki wasu abubuwan sun cakuɗe mini. Na dai tabbata bazara ce, ruwa bai sauka ba, ni kuma ina zaune a Matameye da digirina na lisansi a jogarafi, ina jiran aiki.

Ƙanin mahaifiyata yana noma a wani ƙauye wajen Kurni. Ya daɗe yana jayayya da maƙwabcinsa, wani Alhaji, kan wata 'yar ƙasa da ke tsakanin gonakinsu. Ran da rai ya ɓaci, Kawu ya rantse da kwarankwatsa a gaban mai gari cewa wurin gadon ubansa ne. Ba a daɗe ba, wata rana da hantsi, aka ji ƙara, wani baƙin dunƙulen ƙarfe ya faɗo ya nutse a daidai wurin.

Kafin in isa a kan babur, an gama shari'a: aradu ta amsa, Kawu ya yi rantsuwar ƙarya. Babu ko ɗigon gajimare a sama, amma wai hakan ma ya fi nuna girman laifin. Wata tsohuwa har ta kwarara wa ƙarfen madara, yadda ake yi wa gatarin aradu don ya huce, ƙudaje suna ta walima. Mutanen da ke kallon ƙwallon Turai a talabijin ta parabol kowane mako, ga su nan suna shayar da ƙarfe. Kawu ya daina fita majalisa. Mai gari ya ce za a miƙa wa Alhaji wurin kafin shuka.

Na duba abin daga nesa tukuna, don na ji tsoron guba. Ya yi kama da tukunyar gaz, sai dai zagayayye ne, gefe ɗaya ya narke, ga layin walda a tsakiya da ramin noti. Mayen ƙarfe bai kama shi ba. Na ɗauki hotuna da waya na gwada su da na tankunan roka da suka faɗo a wasu ƙasashe, suka yi kama sosai. A shafukan da ke bin sawun tarkacen sama kuma na ga ragowar roka biyu da ake sa ran dawowarsu a 'yan kwanakin, ɗaya hanyarta ta bi ta kanmu. Na kai rahoto ga hukuma a Matameye, sannan na je gaban mai gari na ce mai yiwuwa tanki ne na rokar da ta kai tauraron ɗan'adam sama.

Alhaji ya yi dariya. “Mai yiwuwa? To ɗan boko, na wace ƙasa ne?”

Na ce ban isa in tabbatar ba, babu rubutu a jiki. Aka bushe da dariya. Wani ya ce ko aradun ma ai ta iya walda in Allah ya so. Da irin wannan hujja aka kayar da ni, aka watse.

Jandarmomi suka zo da mota, hannuwansu cikin safa. Suka kori jama'a baya, suka ɗaga ƙarfen, babbansu ya tambayi wa ke da gonar, don mai ita zai bi su Damagaram ya ba da bayani. Mai gari ya juya ya dubi Alhaji.

“Ranka ya daɗe, ni iyakata wancan gawon ne,” in ji Alhaji, sannan ya nuna Kawu. “Nan duk nasa ne, tun zamanin ubansa.”

A gaban kowa ya faɗa, da babbar murya, don kada jandarma ya yi kuskuren ji. Kawu ya karkaɗe rigarsa ya shiga mota. Ya dawo lafiya, ruwa na sauka ya shuka gero a wurin, ba wanda ya hana shi. Hotunana da bayanina ba su taka rawar komai ba, iya sanina.

Har yau ban san ƙasar da ta harba rokar ba, ban kuma ji sakamakon bincike ba. Duk wanda yake wurin ya ga na kauce, musamman a kalaman Alhaji, ina roƙonsa ya aiko mini da gyara.