Sandar Jaye a Bayan Babur

Jaye ɗan Inna Asiya ne, daga wata ruga tsakanin Agiye da Gazawa. Tun da ya iya tafiya sanda ke gicciye a wuyansa, hannu biyu rataye a kanta, irin ta kowane makiyayi. Shekarar da ciyawa ta ƙi, garken gidansu ya zube, ya ce shi kabu-kabu zai yi. Uwar ta ba shi karsanar da ta ajiye don tsufanta, aka kai kasuwa, aka dawo da jan babur.

Wansa Bakari bai so ba. Ya ce an sayar da abin da ke haihuwa, an sayo abin da ke shan esansi yana tusa.

Wani tsohon ɗan kabu-kabu a tashar Gazawa, Sabo, shi ya koya masa tuƙi. Ya faɗa masa a rairayi ba a damƙe birkin gaba, ba a shiga gaban babbar mota, kai kuwa ba ƙwarya ba ne da za a ɗinke in ya fashe, sai da hular kwano. Jaye ya ji duka. Da aka zo kan sanda ne kunne ya toshe. Sabo ya ce a bar ta gida, shi kuwa ya ce namiji ba sanda tsirara yake. Ya ɗaure ta gicciye a bayan sirdi, tana leƙe dama da hagu kamar ƙahon bijimi.

Ran kasuwa ya ɗauko wani ɗan tireda, Mudi. Suka iske amalanken wake da motar haya sun matse hanya. Jaye ya auna tsakani da faɗin kan babur, ya ga zai wuce. Kan ya wuce kuwa. Sandar ce ta sarƙe amalanke, sai ga Mudi a ƙasa yana salati, Jaye gwiwa a ɗaye, madubi a tarwatse. Jandarma ya yi masa kashedi, 'yan tasha suka raɗa masa Mai Ƙaho.

Bakari ya samu abin da yake so. Ya ce kasuwa mai zuwa zai kawo dillali, a sayar da babur tun yana da sauran daraja, a sayi awaki. Sai dai Inna ce mai karsana, ita ke da ta cewa.

Jaye bai yi gardama ba, bai kuma kwanta jinya ba. Kullum da sassafe yana fage bayan ruga, da ɗingishinsa, yana koyon tsayawa a rairayi. Ya kafa ƙirare biyu yana ratsawa, yana matso da su. Ya je har gida ya ba Mudi haƙuri, ya sha baƙar magana ya haɗiye.

Ran kasuwa Inna ta fito da ƙwaryar nono, ta ce yau ba ta tafiya ƙasa. Ta miƙa hannu.

«Ba ni sandar nan.»

Ya kwance ya ba ta. Ta hau, ƙwarya a cinya, sanda tsaye a hannu.

A bakin kasuwa suka iske matsi irin na rannan. Na baya suna ta oda, wani yana kiran Mai Ƙaho ya sa kai mana. Jaye ya sauke ƙafa ya jira. Sai da amalanke ya gusa, ya duba dama da hagu, ya wuce a hankali.

Bakari na tsaye da dillali ƙarƙashin itacen bedi. Inna ta sauko, ta buɗe faifai ta ga nonon bai zube ba, ta rufe. Ta ce wa dillali ya yi haƙuri, an tashe shi a banza.

Jaye ya miƙa hannu zai karɓi sandarsa. Ta janye.

«Kai ka ji da hanya. Wannan tana wurina, ran da na ji ka yi ganganci a gadon bayanka za ta sauka.»

Har yau a tashar Gazawa Mai Ƙaho ake kiransa. Mata masu goyo kuwa, in ya fita da wani, sai su zauna su jira ya dawo.