Ƙarfen da Baba Ya Ɗauka da Hannu

Duk ranar Layya, da zarar an fara babbaka kan rago a tsakar gida, sai in nemi takalmina in fita. Yarana sun ɗauka hayaƙi ne ba na so. Ba hayaƙin ba ne. Akwai lokacin da wuta take gama cin gashi ta kai ga fata, warin ya sauya ya yi nauyi. Wannan warin ne yake mayar da ni ƙauyenmu na farko, kusa da garin Hajj Abdalla, lokacin ina yaro ban gama famfara ba.

Bari in gaya maka ko su wa muke, iya abin da na tabbatar, don ina tsoron in ƙara ko in rage. Kakana maƙeri ne. Daga yamma ya taso da ƙafa cikin ayarin masu niyyar Makka, ya tsaya a yankin Jazira neman guzuri, bai ƙara gaba ba har ya mutu. Ya iso da uwar maƙera a kan jaki, da zugazugi, da ƙaramin yaro a wuyansa. Babu mace tare da shi. Ya ce uwar yaron ta rasu a hanya. Yaron nan shi ne Babana. A nan Kaka ya sake aure, ya haifi Baffa, ƙanen Baba.

Maƙerar tana bakin tur'a, wato babbar hanyar ruwan da ke shayar da gonaki. Rumfa ce ta kara, ƙasanta baƙi ƙirin da gawayi. Gab da shuka, manoma sukan yi layi da fartanyoyi da laujuna, ƙarar masaba tana tashi tun hantsi. Kaka ba ya hira. Abin da ke hannunsa da shi yake duka, kuma mafi yawan lokaci awartaki ne a hannun. Na ga ranar da wani manomi ya ce bakin fartanyarsa ya yi laushi. Kaka ya karɓa, ya ɗaga ta, ya kafta ta a kututturen da mutumin yake zaune, daidai tsakanin cinyoyinsa. Mutumin ya tashi a hankali ya tafi, ya bar takalminsa a wurin. Baba da Baffa kuwa, da gemunsu da 'ya'yansu, yana zabga musu ƙarfe a baya kamar yara, ba ya bambanta wani da wani.

Akwai abin da maƙeranmu suka zo da shi daga yamma, ana ce masa wasan wuta. In sun taru a biki, sai ka ga tsoho ya ciro jan ƙarfe daga murhu, ya goga a damtse, ya lasa da harshe. Mutane sun yarda cewa wuta ba ta cin jinin maƙeri na asali. Ban san sirrin abin ba, kuma ba zan ce ƙarya ne ko gaskiya ba. Abin da na sani, Kaka ya bar wasan tun da limamin ƙauyen ya yi masa magana, kuma bai koya wa kowa cikin 'ya'yansa ba.

Ya rasu da bazara, lokacin da aka gama tsinkar auduga ana tuge itacenta ana ƙonawa, sararin sama ya yi ja da hayaƙi. Ya bar maƙera, ya bar hawasha, gonar da hukumar noma ta ba shi. Hawasha ba a raba ta, mutum ɗaya ake ɗora wa, kuma kowa ya san babba ake ba. Baba ne babba.

Ranar sadaka, bayan azahar, tsofaffin maƙera da suka zo ta'aziyya daga wasu ƙauyuka suka hura murhun Kaka don su yi masa bankwana. Ɗayansu ya tura guntun ƙarfe cikin garwashi, tsayinsa kamar kamu ɗaya. Maza suna zaune a kan tabarmi, ana zagayawa da shayi. Ni ina jingine da gwiwar Baba. Sai kawun Baffa, yayan mahaifiyarsa, ya ajiye kofi ya gyara murya.

"Ya jama'a, kafin a yi zancen gado, a tambayi wanga wa ya haife shi. Tsintar shi anka yi bisa hanya. Kowa ya sani, kunya ta hana a faɗi."

Na ji gwiwar Baba ta yi tauri a bayana. Bai dubi kawun ba. Baffa ya duba.

"Kai ma haka ka ce?"

Baffa yana kallon tabarma. Kawunsa ya zungure shi da gwiwar hannu. Sai ya ce, murya tana rawa, "In ɗan maƙeri ne shi, ga wuta nan. Ya ɗauka mu gani."

Liman ya fara cewa a ji tsoron Allah, amma Baba ya riga ya miƙe. Ya ture ni gefe. Ya shiga rumfar, ya sunkuya, ya sa hannun dama cikin garwashi ya ciro ƙarfen. Ja ne kamar tsakiyar kankana. Na ji wata ƙara, cuuu, irin ta nama a kasko, farin hayaƙi ya fito ta tsakanin yatsunsa. Wutar tana cinsa, kowa yana gani. Bai yi ihu ba. Jijiyoyin wuyansa sun miƙe, haƙoransa a waje, ya tako a hankali ta tsakiyar mutane har gaban Baffa.

"Na ɗauka. Kai ɗan halak, karɓi naka."

Baffa ya ɓoye hannuwa a baya. Baba ya cafki rigarsa da hagu, ya manna masa ƙarfen a gefen wuya. Ihun da Baffa ya yi, an ce mata sun ji shi a ƙarshen ƙauye. Wutar da ta ci wanda aka ce tsintacce ne, haka ta ci wanda aka haifa kowa yana gani.

Daga nan wurin ya rikice. Kawunnan Baffa suka taso da sanduna, ashe a ƙarƙashin tabarma suka ɓoye su. Sanda ta farko ta fasa wa Baba kai, jini ya rufe masa ido ɗaya. Na ruga na rungume ƙafarsa, ban san me nake nufi da hakan ba. Sanda ta same ni a kafaɗa, na ji ƙashi ya ce ƙas, hannuna ya saki. Wani tsohon maƙeri ya wawuri masaba ya karya wa ɗaya daga cikinsu muƙamuƙi, na ga haƙora a ƙasa cikin shayin da ya zube. Inna, mahaifiyata, ta keto cikin maza babu mayafi, ta kwanta a kanmu, sandunan suka riƙa sauka a bayanta. Wani ya yi tuntuɓe da murhu, garwashi ya watsu, rumfar kara ta kama. Wutar ce ta raba faɗan, ba liman ba.

Da aka janye Baba, ƙarfen yana manne a tafinsa. Da awartaki aka ɓamɓare shi, ya tafi da fata.

An kai mu asibiti a keken jaki, ni da Baba da Baffa a keke ɗaya, don shi kaɗai aka samu. Ba wanda ya dubi wani. Bayan mun dawo, manyan ƙauye suka zauna suka ce zama ɗaya ba zai yiwu ba. Hawasha ta koma hannun Baffa. Muka hau lori da tukwanenmu muka yi kudu, wajen Abu Hujar, inda Inna take da dangi.

A can na girma, a bakin kogi. In ruwa ya janye bayan damina, ya bar laka mai laushi, mukan shuka kuɓewa da wake da kankana. Hannun Baba ya warke a dunƙule, yatsun sun manne da tafi, bai ƙara riƙe masaba ba. Da hagu yake noma, da hagu yake ci, ana kallonsa a wurin biki. Da hagun kuma yake dukanmu, kuma ba ta da sauƙi. Har ya rasu ban ji ya ambaci Baffa ba, ban kuma taɓa samun ƙarfin halin tambayarsa ba.

Karatuna bai wuce firamare ba, amma ya isa in rubuta sunana. Ka san a ƙasar nan sunaye huɗu ake rubutawa: naka, na ubanka, na kakanka, na uban kakanka. Na taɓa jin wa'azi a kan girman laifin wanda ya jingina kansa ga wanda ba ubansa ba yana sane. Tun daga ranar, in na zo suna na uku sai alƙalami ya yi min nauyi. In tsintar Baba aka yi fa? Ina sane ko ban sani ba? Wanda yake shakka, a wane ɓangare za a sa shi? Na tambayi malamai, kowa ya ce babu komai a kaina. In na dawo gida sai in ga kamar ban yi musu bayanin daidai ba.

Don haka na shiga bincike. Na je wurin jikan tsohon limaminmu, wanda ya gaji akwatin takardun ajami inda ake rubuta aure da suna. Ya taimaka min muka duba. Auren Kaka yana nan. Sunan Baffa yana nan. A kan Baba, abin da aka rubuta kawai shi ne maƙerin ya zo da yaro. Ba a ce ɗansa ba, ba a ce ba ɗansa ba. Na duba rajistar masu hawasha, sunan Kaka ne, sai na Baffa a bayansa. Aka kwatanta min wata tsohuwa a wani ƙauye a gaɓar kogi, wadda tana yarinya a ayarin. Na same ta a kan gado, ba ta gani. Ta tuna maƙerin, ta tuna jakinsa. Da na tambaye ta yaron, sai ta ce, "Ɗana, a hanyar nan uwaye suna mutuwa, yara suna wucewa hannu zuwa hannu. Mai kafaɗa shi ka ɗauka. Wa ya tsaya tambaya?" Na dawo da nauyi fiye da wanda na tafi da shi.

Sai babban ɗana ya ci jarrabawar shiga jami'a a Wad Madani, shekaru kaɗan kafin yaƙin da ya ɓarke a ƙasar nan. Ana bukatar takardarsa ta ɗan ƙasa. A ofis aka ce mu kawo shaida daga dangin uba, wanda zai rantse a kan nasabarmu. Duk duniya mutum ɗaya ya rage mana, Baffa.

Na same shi a ƙauyen da muka bari, zaune a inuwar katanga, ya tsufa, ya naɗe wuyansa da ƙyalle duk da zafin rana. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi ko ni wane ne. Ya daɗe yana kallona.

"Kafaɗar ta ɗoru?" Abin da ya fara tambaya ke nan.

Na gaya masa abin da ya kawo ni. Na kuma ce, "Baffa, ban zo in sa ka rantsuwa a kan abin da ba ka tabbatar ba. In kana shakka, kada ka taɓa Alƙur'ani saboda mu. Gara yaron ya zauna gida ya yi noma." Na faɗi haka duk da na san irin wahalar da yaron ya sha a kan karatun nan. Na sake maimaita maganar ta wata fuska, don in tabbata ya fahimta.

"Kalas, ya isa," in ji shi. "Surutu gare ka awa tsohuwa. Tahi nemo muna mota."

Na samo mota, muka tafi. A ofis ya yi alwala, ya ɗora hannu a kan Littafi, ya rantse cewa Baba yayansa ne, uba ɗaya, muryarsa ko rawa ba ta yi ba. Aka buga hatimi. Ɗana ya kama hannunsa ya sumbata. Ni kuwa ina tunanin ko tausayi ne ya sa tsoho ya sayar da lahirarsa. Da muka fito, muka zauna wurin mai shayi, na kasa haƙuri.

"Baffa, don Allah, ta yaya ka sani?"

Ya warware ƙyallen. Tabon yana nan, dogo, mai sheƙi, fatar ta tattare ta janyo kunnensa ƙasa.

"Kawunnaina sunka sa min magana a baki, na faɗa. Ran nan ban san i ba, ban san a'a ba. Amma da ya nufo ni da ƙarfen ga, na ɗaga ido, wallahi tsohonmu na gani. Idon, haƙoran, tahiyar. Kai, dubi duniya duka. Wa zai ƙone hannunsa na ci don kawai ya ƙona wani, in ba ɗan mutumin nan ba?"

Na ce, "To me ya hana ka faɗa a ranar?"

"Ihu nike yi, yaro, da wane bakin?" Ya kurɓi shayi. "Bayan nan kuma hawasha ta shigo hannu. Kunya ta ƙarasa sauran."

Bai nemi gafara ba, ni ma ban san ko ina da ikon yafewa a madadin mamaci ba. Na mayar da shi gida. Bai yi nisa ba bayan haka ya rasu.

Yau babu maƙera a bakin tur'a. Fartanya daga kasuwa ake sayenta, in ta karye a kai wa mai walda. Yarana Larabci ya fi musu sauƙi a baki, ba su taɓa ganin zugazugi ba, kuma suna rubuta sunayensu huɗu da gudu, ba tare da tunanin komai ba. Ni ma yanzu ina rubuta na ukun hannuna bai tsaya ba. Sai dai wata damuwar ta maye gurbin waccan. In ƙaramin ɗana ya ɓata min rai, na ji zafi yana hawowa daga ƙirji zuwa kunnuwa, nakan mayar da hannuwana baya, in riƙe ɗaya da ɗaya, in fita ƙofar gida har ya sauka. Shaidar da na yi shekaru ina nema na same ta, kuma kullum ina roƙon Allah kada yarana su taɓa ganinta a fuskata.